Ƙarfi da cin wuta: abin da sunan i5 da i7 ba ya gaya wa mai sayen laftof a Zariya

Duk lokacin da aka koma makaranta, ɗalibai suka cika Samaru da Kongo, shagunan sayar da laftof sukan yi ciniki, kuma kusan kowane mai saye da tambaya ɗaya yake shigowa: "Malam, i5 ce ko i7?" Idan an ce i7 sai ka ga ya saki fuska ya fara tayi. Wanda ya ɗan ƙara wayewa yakan tambayi gigahaz nawa, daga nan kuma bincike ya ƙare. Abin yana damuna ƙwarai, domin kuɗin da ake zubawa ba ƙanana ba ne. Wani uban sai ya sayar da buhunan masara, wani ya ci bashi a wurin aiki, kafin ya haɗa wa ɗansa ko 'yarsa kuɗin. Tambayoyin nan biyu kuwa su ne mafi ƙarancin amfani a kan farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, zafin bazara kuma yake kaiwa kusan digiri 40, abin tambaya shi ne: aiki nawa farosesar nan take yi da kowane wat na wutar da ta sha, kuma har zuwa yaushe za ta riƙe gudunta kafin zafi ya rage mata?

Mu fara da misalin da ya cika kasuwar 'yan hannu. Ga laftof biyu a kan kanta, ɗaya an manna mata i7-7500U, ɗayar i5-8250U. Ta farko an rubuta mata gigahaz 2.7, ta biyu 1.6. Duk wanda ya bi suna da lamba, ta farko zai ɗauka, har ya ƙara kuɗi a kai. Alhali i7-7500U, wadda Intel ya fitar a 2016, cibiyoyin aiki biyu kawai gare ta, wato sassan da ke yin lissafi a cikinta kowanne da kansa. Ita kuwa i5-8250U ta 2017 huɗu gare ta, kuma idan aiki ya taso takan haura zuwa 3.4, dab da 3.5 da waccan take haurawa. Dukansu an tsara su ne a kan wat 15. Ke nan a wuta iri ɗaya, ta biyun tana da ma'aikata ninki biyu, kuma a aikin da ake iya rarraba wa cibiyoyi, kamar haɗa bidiyo ko gudanar da lissafin bincike, tana barin waccan i7 ɗin a baya da tazara mai yawa.

Dalili shi ne i3, i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, ba awon ƙarfi ba ne na kowane zamani. Lambar farko bayan layin, ko biyun farko daga zubi na goma, ita ce ke nuna zubin: 7500 zubi na bakwai, 8250 na takwas, 1235 na sha biyu. Harafin ƙarshe kuma shi ne ke faɗin cin wuta, kuma shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi. U na nufin mai tsimin wuta, yawanci wat 15. H ta laftof ɗin wasanni da aikin injiniya ce, wat 45. HX tana farawa daga wat 55. Saboda haka i7-8550U da i7-8750H sunansu ɗaya, zubinsu ɗaya, amma ta farko cibiya huɗu ce a wat 15, ta biyu shida a wat 45. Ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba, kuma ba rayuwa ɗaya mai su zai yi da batir ba.

Ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera farosesa, ma akwai irin wannan tarko, har ya fi ɓoyuwa. A jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke gaya maka ainihin ginin da ke ciki. Ryzen 5 7520U ginin Zen 2 ne mai cibiya huɗu, 7530U Zen 3 mai shida, 7540U kuma Zen 4. Dukansu "Ryzen 5 na jerin 7000" ne a bakin mai shago, kuma bai yi ƙarya ba, amma shekaru ne tsakanin fasahar da ke cikinsu.

To me ya haɗa gudu da cin wuta? A cikin farosesa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransista, kuma duk lokacin da ɗaya ya kunna ko ya kashe sai ya sha 'yar wuta, wutar kuma ta koma zafi. Gigahaz yana ƙirga sau nawa ake wannan bugun a daƙiƙa ɗaya, biliyan ɗaya ga kowane gigahaz. Matsalar ita ce idan ana so makunnan su ƙara sauri, dole a ƙara musu ƙarfin turin wuta, wato boltej, kuma cin wuta yana tashi ne da ninkin boltej a kan kansa, sannan a sake ninkawa da gudun. Idan aka ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, aka ƙara boltej da kashi 20, wutar da za a sha za ta ƙaru da kusan kashi 73. Duk ɗan acaɓan da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Kwangila ya san wannan a tankinsa: matse totur har ƙarshe mintoci kaɗan yake rage masa a hanya, amma man da yake ƙonewa ya fi mintocin tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa cibiyoyi takwas masu tafiya a matsakaicin gudu sukan gama aiki da wuta ƙasa da wadda cibiyoyi huɗu za su sha idan an kore su har maƙura.

Kamfanonin da kansu sai da suka buga kai da wannan bango. Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8 a 2004, zafinta ya gagari kowa, Intel ya soke wadda aka shirya za ta gaje ta. Abin da ya cece shi shi ne Pentium M, farosesar laftof da injiniyoyinsa na Haifa a Isra'ila suka ƙera a 2003 da niyyar tsimin batir, wadda daga tsatsonta aka samu Core 2 Duo a 2006. Tun daga lokacin gasar ta koma kan yawan cibiyoyi, da yawan aikin da ake yi a kowane bugu, da ƙanƙanta tiransista. Wannan na ƙarshe shi ne ake faɗi da nanomita: 14, 7, 5, 3. Gaskiya ne sabon ƙira yakan fi tsimi, amma lambar ta zama sunan kasuwa, ba awon wani abu takamaimai ba. A 2021 Intel ya sauya wa ingantaccen ƙirarsa na nanomita 10 suna zuwa Intel 7. Kada a kwatanta lambar wani kamfani da ta wani kai tsaye.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a natsu. Wat 15 ko 45 ɗin nan da ake rubutawa ba shi ne iyakar abin da farosesa take sha ba. Iyakoki biyu gare ta: na gajeren lokaci, wanda take haurawa na wasu daƙiƙoƙi idan aiki ya taso, da na dogon zango, wanda take komawa bayan nan. Intel da kansa ya rubuta cewa i5-1235U mai wat 15 tana iya kaiwa 55, i7-12700H mai wat 45 tana iya kaiwa 115, i9-13980HX kuma har 157. Wanda ke yanke hukuncin inda za a tsaya a tsakani ba Intel ba ne, ba kuma AMD ba, kamfanin da ya haɗa laftof ɗin ne, gwargwadon fankar da bututun tagullar da ya saka. Saboda haka farosesa iri ɗaya, lamba ɗaya, a cikin siririyar laftof mai ƙaramar fanka da cikin mai kauri mai fanka biyu, ba aiki ɗaya take yi ba. A minti na farko za su iya yin kunnen doki. A minti na goma ne ake gane bambanci.

Zafi kuwa shi ne alƙali. Yawancin farosesoshin Intel na laftof suna da iyaka a wajen digiri 100, kuma da sun kusanto ta sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Fanka ba sanyi take ƙirƙira ba, iskar ɗaki take ja ta busa a kan tagulla. Masu gwajin da muke kallo a YouTube suna yi ne a ɗaki mai iyakwandishan, a ce digiri 22, tazarar da ke tsakaninsu da iyaka 78 ke nan. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwano a Hayin Dogo da azahar a watan Afrilu, iskar da fankarsa take ja za ta iya kusantar 40, tazararsa 60. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ikon fitar da zafi ya tafi tun bai taɓa madanni ba. Sakamakon gwajin Turai gaskiya ne a Turai. A nan sai an rage masa wani abu, kuma farosesar da ta dogara da wat mai yawa ita ce ta fi asara.

Sai kuma ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa. Ka tsaya wurin mai gyara a watan Maris ya kwance maka bayan laftof ɗin da ta yi shekara biyu ba a buɗe ba. Tsakanin fanka da siraran haƙoran tagullar da iska ke fita, za ka ga ya sa tsinke ya zaro wani abu mai launin toka, curarre, ƙura ce da zaren bargo suka haɗe suka toshe hanyar baki ɗaya. Idan ya ɗaga tagullar daga kan farosesa, man da aka shafa a tsakani don ya riƙa miƙa zafi ya bushe ya tsattsage, yana ɓarewa da farce. Mai ita ya zo ne da ƙorafin ta yi nauyi, har yana tunanin sayar da ita ya sayi i7. Mai gyara ya goge, ya busa, ya ɗiga sabon mai, ya ce, "Ƙanina, kunna mu gani." Fankar da take kuka tun daga kunnawa ta yi shiru, gudun da aka rasa ya dawo. Wannan aikin 'yan mintoci ya fi sauya farosesa amfani ga mutane da yawa. Ɗora laftof a kan katifa ko filo kuma, wanda kusan kowane ɗalibi yake yi, toshe mata hanci ne, domin yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska.

Lissafin batir mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowa ya iya shi. Ana auna abin da batir yake ɗauka da wat-awa. Raba shi da wutar da laftof take sha, ka samu awannin. Batir mai wat-awa 50, idan kwamfuta tana shan wat 6 lokacin rubutu da karatu, zai wuce awa takwas. Idan tana shan 20, awa biyu da rabi. Manyan laftof ɗin wasanni ba sa wuce wat-awa 100 saboda ƙa'idar shiga jirgin sama, don haka wadda ke shan wat 80 a tsakiyar aiki, awa ɗaya da 'yan mintoci ne rabonta komai tsadarta. Abin lura a nan shi ne mafi yawan yinin laftof ba a kan gudu take ba. Tana jiran ka buga harafi, ko ka juya shafi. Saboda haka abin da ke yanke tsawon batir ga mai rubuta furojet shi ne ƙanƙantar wutar da farosesa take sha lokacin da ba ta yin komai, da saurin da take gama ƙaramin aiki ta koma barci. Hasken allo ma yana da babban kaso, wani lokaci ya fi na farosesar a irin wannan aiki. Haka nan kallon bidiyo: sababbin farosesoshi suna da wani sashe na musamman da ke warware bidiyo da 'yar wuta kaɗan. Intel ya fara saka na AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, a zubi na 11, AMD a Ryzen 6000, Apple a M3. Tsohuwar da ba ta da shi, idan ta haɗu da irin wannan bidiyo, da cibiyoyinta take daddagewa, batir kuma ya biya.

Idan aka zo kan kamfanonin, shekarar 2020 ce ta girgiza kasuwar. Intel ya daɗe a kan nanomita 14 tun 2014. AMD ya fito da Ryzen 4000 a kan nanomita 7 na kamfanin TSMC na Taiwan, har Ryzen 7 4800U ta zo da cibiya takwas a wat 15. A ganina, a cikin 'yan hannu masu matsakaicin farashi, Ryzen 4000 da 5000 masu harafin U suna daga cikin mafi dacewa da mu, kuma tsoron da mutane suke yi wa AMD wai tana zafi, tsoron tsofaffin da suka gabaci Ryzen ne. A watan Nuwamba na 2020 ɗin Apple ya fitar da M1, mai tiransista biliyan 16 a kan nanomita 5, cibiya huɗu masu ƙarfi da huɗu masu tsimi, a kan tsarin ARM irin na wayoyin hannu. MacBook Air ɗinta ko fanka ba ta da shi, batirinta bai cika wat-awa 50 ba, amma kamfanin ya ce tana kai awa 18 a kallon bidiyo. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ko an zare caja gudunta kusan yana nan, alhali yawancin laftof ɗin Windows masu H sukan sauke ƙarfi sosai da zarar sun koma kan batir. Ga wanda rabin aikinsa ba wuta yake yi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ba zan ce kowa ya ruga wurinta ba. RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe aikin da ke hannu, da ma'ajiyarta a manne suke, ba a ƙarawa, abin da ka saya da shi za ka zauna. Gyaranta yana da tsada, kuma ba kowane mai gyara ke taɓa ta ba. Air ɗin da ba fanka, idan aka ɗora mata dogon aiki a zafinmu, dole ta rage gudu. Uwa uba, Revit da SolidWorks da ArcGIS Pro na Windows ne kaɗai, kuma ba a girka Windows kai tsaye a kan jerin M kamar yadda ake yi wa tsofaffin Mac masu Intel. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniya ko safiyo a Jami'ar Ahmadu Bello ya tambayi na gaba da shi manhajar da sashensu ke amfani da ita kafin ya taɓa aljihu.

Intel ya mayar da martani a zubi na 12 da irin wannan dabara ta haɗa cibiyoyi masu ƙarfi da masu tsimi. A nan ma a yi hattara da ƙirga: i5-1235U cibiya goma gare ta, amma biyu ne kawai manya, takwas ƙanana ne. Ƙarfi ya ƙaru sosai a wannan zubi, batir kuwa bai bi sahu yadda aka so ba, sai da aka zo Core Ultra a Disamba 2023, musamman jerin 200V na 2024, kafin Intel ya matso kusa da Apple a tsimi. Qualcomm ma ya shigo a tsakiyar 2024 da Snapdragon X, wato ARM a kan Windows. Batirinsu yana daɗewa, sai dai manhajojin da ba a rubuta musu ba ta hanyar tafinta suke gudana, kuma direbobin wasu tsofaffin firintoci, wato manhajojin da ke haɗa su da kwamfuta, ba sa aiki a kansu sam. Mai shagon buga takardu a Tudun Wada da ke riƙe da firintar shekara goma ya gwada kafin ya biya.

Akwai wani kuɗi da ba a gani ranar saye, shi ne na caja. Laftof mai U tana caji da wat 45 ko 65, sababbinsu da yawa ta ramin USB-C, har babban fawabank mai fitar da wat 65 zai iya ɗaukarta, ƙaramin sola ma ya wadatar. Ta wasanni mai H da katin hoto na NVIDIA cajarta takan kai wat 180 zuwa 230, bulo guda a cikin jaka. Wanda aikinsa Word ne da Excel da SPSS da karatun PDF, idan ya sayi wannan, ya sayi nauyi da ƙara da neman soket a kowane aji, ƙarfin da ya biya kuma yana kwance ba a taɓa shi ba. Wanda kuma yake haɗa bidiyon biki ko zanen gini mai siffa uku, U za ta ɓata masa lokaci, gara ya ɗauki H ya san cewa ya ɗauki ɗawainiyar wuta tare da ita. Su kuwa Celeron irin su N4020, wat 6 kacal suke sha, amma rashin cin wuta daban, tsimi daban. Idan aikin minti ɗaya zai ɗauke ta biyar, allo na kunne, kai kana jira, ba a tsimi komai ba. Sau da yawa ma abin da ake ɗora wa farosesa laifinsa ba nata ba ne: RAM mai gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa za su durƙusar da kowace i7. Gigabait 8 ko 16 da SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, su ne farkon magana.

A shago, gani ya kori ji. Kada ka yarda da sitikar da ke jiki, ana mannawa. Buɗe Task Manager ka karanta cikakkiyar lambar farosesar da yawan cibiyoyinta. Buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ba ka takarda mai nuna abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yau. Idan an ƙera shi a kan wat-awa 50 yanzu yana cika a 28, ka san kuɗin sabon batir yana cikin cinikin, ka faɗa wa mai shago haka. Sannan ka roƙe shi, "Alhaji, a ba ni minti goma." Ka ɗora mata aiki mai nauyi, manhajar gwajin farosesa ta Cinebench idan akwai, wadda kyauta ce, ka sa ido a kan lambar gudu a Task Manager. Za ta yi sama da farko, wannan kowa yana yi. Inda ta tsaya bayan minti bakwai ko takwas shi ne ainihin abin da kake saye. Idan ta faɗo ƙasa da lambar da aka rubuta mata ta asali, fanka na kururuwa, to ko dai tana buƙatar wanki da sabon mai, ko kuma gidan da aka saka ta ya yi mata kaɗan. Zare caja ka sake gwadawa ka ga nawa ta rage.

Zubin ma yanzu ya zama batun tsaro. Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar kyauta ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, ko, a laftof, Ryzen 3000 zuwa sama. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke na shida da na bakwai, kuma su ne suke isowa kasuwanninmu da farashi mai jan rai. Masu gyara suna da dabarar tsallake sharaɗin su girka Windows 11 a kansu, tana kuma tashi, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Ɗalibin da zai shiga aji ɗaya bana, wanda laftof ɗin za ta raka shi shekara huɗu ko biyar, kada ya sauko ƙasa da zubi na takwas ko da i7 aka rubuta a jiki. Idan kuma ya samu wadda ke da zaɓin tsayar da caji a kashi 80, kamar yadda yawancin Lenovo da Dell da Asus da HP na ofis suke da shi, ya kunna a lokutan da wuta ta zauna, domin batirin lithiyom da aka bari cike taf a cikin zafi shi ne yake saurin mutuwa ko ya kumbura.